Surukina ya ce an bar wa Allah: in kai ƙara ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar shekara 33 ce, ina zaune a Kano da 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu, babbansu shekararsa 12. Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Ya tsaya ne a gefen titi kan hanyar Zariya, ya kafe babur yana sayen kankana zai kawo wa yara, sai tirelar wani kamfani ta ƙwace ta bi ta kansa. Waɗanda ke wurin sun ce birki ne ya tsinke. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

An kama direban, bayan 'yan kwanaki aka ba da belinsa. Ranar addu'ar uku mutanen kamfanin suka zo da buhunan shinkafa da Naira 300,000, suka ce za su dawo. Ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba sai bayan na fita takaba. Yanzu sun turo wani mutum da tayin Naira miliyan 2, bisa sharaɗin mu sa hannu a wata takarda da aka rubuta da Turanci, mu kuma janye magana daga wurin 'yan sanda.

Surukina ya ce shi ya yafe, kwana ne ya ƙare, gidansu ba a cin kuɗin jini, ko miliyan biyun ma ba ya so, a sa musu hannu a rufe zancen. Ƙanin maigidana kuwa ya rantse sai an je kotu, har sun fara samun saɓani da Baba. Hajiya ba ta cewa komai sai kuka. Ni ga haya ta kusa ƙarewa, ga kuɗin makaranta, shagonsa kuma a rufe. Ina tsoron a ce na mayar da mutuwar mijina kasuwa, ina kuma tsoron kada neman haƙƙi ya zama rashin tawakkali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yau ba wanda ya buɗe baki ya ce mana sun yi kuskure. Ya zan yi?

Maman yara huɗu, Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa ya huta, Ya ba ki haƙurin wannan babban rashi. Na karanta wasiƙarki na ga kaya biyu a kanki: na rashin miji, da na tsoron bakin mutane. Na farkon sai lokaci da addu'a. Na biyun kuwa ina ganin za mu iya sauke shi yau.

Kafin komai, kada ki sa hannu a takardar nan, kuma ki nemi alfarma kada kowa ya sa har sai wanda ya san doka ya karanta ta. Irin waɗannan takardu yawanci abu ɗaya suke faɗa: iyalan mamaci sun karɓi kaza a matsayin biya na ƙarshe, ba su da sauran wani haƙƙi a kan kamfani ko direbansa har abada. Sa hannu aikin minti ɗaya ne, warware shi kuma sai a shekara ana fama a kotu, wani lokaci ma a kasa.

Yanzu mu zo kan tawakkali, don na lura shi ne ƙullin da ya fi ɗaure ki. Babu mai musun cewa kwana ne ya ƙare. Amma Allahn da Ya ƙaddara ajali Shi ne kuma Ya saukar da hukuncin kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92, inda Ya wajabta kaffara a kan wanda ya yi kisan, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan su da kansu suka bar ta sadaka. Da karɓar diyya rashin yarda da ƙaddara ce, da Alƙur'ani bai shar'anta ta ba. Kunyar da muke ji game da abin da muke kira kuɗin jini al'ada ce, ta samo asali daga kara da gudun abin faɗa, kuma ba na raina ta. Sai dai inda al'ada za ta bar marayu da yunwa alhali shari'a ta ba su, shari'a ake bi.

Diyya gado ce. Ana raba ta kamar yadda ake raba sauran abin da mamaci ya bari, bayan an biya bashin da ake bin sa. Har Sayyidina Umar da farko yana ganin mace ba ta da rabo a diyyar mijinta, sai da Dahhak bin Sufyan ya shaida masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuto masa ya ba matar Ashyam rabonta daga diyyar mijinta, sannan Umar ya janye ra'ayinsa. To a gidanku, in dai ke kaɗai ce matarsa kamar yadda na fahimta, lissafin kashi 24 ne. Ke kina da tumuni, wato kashi 3. Baba yana da sudusi, kashi 4. Hajiya ma kashi 4. Sauran kashi 13 na yaran ne, namiji rabon mata biyu. Ƙanin maigidanki, duk zafin da yake yi, ba shi da ko sisi a ciki, domin uba da 'ya'ya maza sun shiga gabansa.

Kin ga ke nan da Baba ya ce ya yafe, kashi 4 cikin 24 ya yafe, kuma Allah Ya ba shi ladan hakan. Mutum da dukiyarsa yake sadaka. Rabon yaran da ba su balaga ba, malaman fiƙihu sun yi bayani cewa waliyyinsu ba shi da ikon ya bar shi kyauta, domin an ɗora shi ne ya tsare musu maslaharsu. Ko ke da kika haife su ba ki da wannan ikon. Naki tumunin ne kawai a hannunki, in kin so ki karɓa, in kin so ki yafe.

Bari mu ɗora miliyan biyun nan a kan wannan lissafi, ki ga girmanta na gaskiya. Ke za ki samu Naira 250,000. Baba da Hajiya kowanne kusan 333,000. Yara huɗu su raba abin da ya ɗan haura miliyan ɗaya: kowane namiji kusan 361,000, kowace mace kusan 180,000. Ki dubi ƙaramar 'yarki ki tambayi kanki zango nawa na makaranta Naira 180,000 za ta biya mata. Ita kuwa cikakkiyar diyya a shari'a raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wanda ya kai nauyin giram 4,250, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hukumomin zakka na wasu jihohi, irin su Sakkwato da Zamfara, suna fitar da ƙimarta da Naira lokaci-lokaci tare da nisabin zakka, kuma a lissafin zinariya ta daɗe da shiga ɗaruruwan miliyoyi. Ban kawo wannan don in sa miki ran za ki samu haka ba. Da wuya a samu ko kusa da haka. Na kawo ne don ki san cewa ba alfarma ake yi muku ba, kuma wanda ya ce ki yi godiya ki karɓa bai auna abin da ma'auninsa ba.

Dokar ƙasa ma tana tare da ku. Tun 1956 Jihar Arewa ta yi dokar haɗurran da suka jawo asarar rai, jihohin da aka fitar daga cikinta kuma suka gaje ta. Dokar ta ba iyalan wanda sakacin wani ya kashe damar neman a biya su, kuma game da Musulmi ta bayyana iyalan da cewa su ne waɗanda ke da rabo a diyyar kisan kuskure. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba direba kaɗai ake bi ba. Idan ma'aikaci ya yi ɓarna yana bakin aikin maigidansa, doka tana ɗora nauyin a kan maigidan ma. Maganar tsinkewar birki da suke yi kamar uzuri ce a kunnen jama'a, amma a gaban alƙali tambaya take buɗewa: yaushe rabon da a duba motar, wa ya bar ta ta hau titi, kaya nawa aka ɗora mata? Mutumin da ke tsaye a gefen hanya yana cinikin kankana kuma da wuya a ce shi ya jawo wa kansa, wanda shi ne abin da lauyoyin kamfani suka saba fakewa da shi don a rage kuɗi.

Sannan akwai inshora. Doka ta tilasta wa kowace mota da ke hawa titi a Najeriya ta mallaki inshorar da za ta biya wanda ta yi wa ɓarna. Tun farkon 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ƙara kuɗin, ƙaramar mota Naira 15,000 a shekara, manyan motocin kaya Naira 100,000. Iyakar da aka sa, ta miliyan 3 ga ƙananan motoci da miliyan 5 ga manya, ta shafi ɓarnar dukiya ce, ba rai ba. Saboda haka abu na farko da lauya zai bincika shi ne wane kamfanin inshora ne ke bayan tirelar nan, kuma takardarsu ta gaskiya ce ko ta bogi, domin ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora. Idan ta gaskiya ce, akwai aljihu na biyu da za a nema, kuma dole a sanar da su a rubuce da wuri. Idan ta bogi ce, kamfanin ya ƙara wa kansa laifi, shi zai fi kowa son a zauna a sasanta.

Ki rarrabe shari'u biyu da ake yawan cakuɗawa. Wadda 'yan sanda suka kama direba a kanta ta laifi ce, tsakaninsa da hukuma, ƙarshenta tara ko ɗauri ko sallama. Wadda za ta kawo wa yaranki abin makaranta ta neman haƙƙi ce, ku za ku shigar da ita da kanku, ba mai shigar muku. Ko an sallami direba a ta farkon, ta biyun ba ta mutu ba, domin hujjar da ake bukata a cikinta ba ta kai tsananin ta laifi ba. Amma fayil ɗin 'yan sanda shi ne ginshiƙin hujjarku, shi ya sa ake so ku janye. Kada ku janye kafin a gama magana kuɗi su shiga hannu.

Lokaci kuma ba ya jiran ku gama jimami. Irin wannan ƙara tana da wa'adi, a galibin dokokin jihohi shekara 3 daga ranar rasuwa, bayan nan ƙofa ta rufe komai ƙarfin gaskiyarku. Ga masu karatu da motar gwamnati ko jami'in gwamnati ne ya yi musu irin wannan ɓarna, abin ya fi tsanani, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Ke naki kamfani ne mai zaman kansa, kina da sauran fili, amma shaidu ba su san wa'adi ba. Mai kankana zai iya tashi daga wurin, yaron da ya ɗauki bidiyo ya sayar da wayarsa, ɗan sandan da ya zana taswirar wurin a yi masa canjin wurin aiki.

A nan ne ƙanin maigidanki zai yi amfani. Maimakon musu da Baba, a ba shi aiki. Ya je sashen 'yan sanda masu kula da haɗurran mota ya nemi rahotonsu da zanen da aka yi a wurin, ya tambaya ko jami'an VIO masu duba lafiyar motoci sun duba tirelar sun rubuta abin da suka gani game da birkin, ya leƙa ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa idan su suka ɗauke maigidanki daga wurin. Ya karɓo takardar likita da ta nuna sanadin mutuwa, a yi rajistar rasuwar a Hukumar Ƙidaya. Ya koma inda abin ya faru, ya zauna da masu tebur na gefen titin, ya rubuta sunayen waɗanda suka gani da ido da lambobinsu, ya nemi hotuna da lambar motar da cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a rajista. Kada rashin binciken gawa ya dame ku. Mu Musulmi a ranar muke binnewa, kotuna sun san haka, kuma a haɗarin da aka yi a bainar jama'a rahoton likita da na 'yan sanda da shaidu suna ɗaukar nauyin.

Naki aikin yana cikin ɗaki. Babbar kotu ba ta auna hawaye, abin da take aunawa shi ne abin da iyali suka rasa na ɗawainiya. Alƙali zai duba nawa mamaci yake kashe wa iyalinsa a shekara, ya duba shekarunsa da shekarun da ake sa ran zai ci gaba da nema, ya fitar da adadi, a haɗa da kuɗin asibiti da na jana'iza. Mai albashi abin nasa da sauƙi. Ɗan kasuwa kuwa sai an nuna. Don haka ki buɗe akwatinsa da durowar shago. Littafin da yake rubuta ciniki da bashi, ko da ya yi maiƙo gefensa ya naɗe, ki adana shi a leda. Rasit ɗin haya, na makarantar boko da na Islamiyya, katin adashi, saƙonnin shigar kuɗi da ke cikin wayarsa, bayanan asusunsa na banki, takardun haihuwar yara, shaidar aurenku ko waɗanda suka halarci ɗaurin auren. Na san buɗe kayan nan zai fama miki ciwo. Ki kira 'yar'uwarki ta zauna kusa da ke ranar da za ki yi.

Game da lauya, kada rashin kuɗi ya hana ki. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a Kano, kuma ƙarar neman haƙƙi a kan haɗari tana cikin abin da take taimaka wa marasa ƙarfi da shi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana sauraron zawarawa da marayu. Akwai kuma lauyoyi masu zaman kansu da ke karɓar irin wannan aiki bisa sharaɗin sai an ci su ɗauki kaso. Wannan halas ne a ƙa'idar aikinsu, amma a rubuta kason tun farko, a kuma rubuta wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na zirga-zirga, a karanta miki da Hausa a gaban wani naki. Lauyan da ya fara yi miki alƙawarin miliyan kaza tun bai ga takarda ko ɗaya ba, ki yi masa godiya ki nemi wani. Shi lauyan ne zai gaya muku ko kuna bukatar takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu kafin a shigar da ƙara, da kuma kotun da ta fi dacewa. Mutane da yawa zuciyarsu ta fi kwanciya da kotun shari'ar Musulunci, amma idan kamfani ne ake ƙara, lauyoyinsa sukan fara da ƙalubalantar hurumin kotun, a ɓata watanni a kan wannan kaɗai.

Ba zan ɓoye miki ba, kotu hanya ce mai tsawo. Za a ɗage zama saboda alƙali ya tafi taro, a ɗage saboda lauyan can ba shi da lafiya, a shiga hutun kotuna. Idan kuka ci, suna iya ɗaukaka ƙara. Idan aka gama, karɓo kuɗin ma wani aiki ne. Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labari: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996 ne, yara 11 suka rasu, ba a cimma sulhun Dala miliyan 75 da gwamnatin jiha ba sai 2009, kamfanin bai amsa laifi ba, iyalai huɗu na farko kuma sai 2011 suka karɓi Dala 175,000 kowanne. Shekara 15, kuma da gwamnati a cikin maganar. Ki haɗa da faɗuwar Naira: a farkon 2023 Dala ba ta kai Naira 500 a farashin hukuma ba, cikin 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da aka yanke yau aka biya bayan shekara bakwai sunansu ne kawai ɗaya. Ga kuma zaman kotun kansa, inda za ki ji lauya yana tambayar shaida ko maigidanki ya kafe babur ɗinsa daidai, kamar shi ake tuhuma.

Shi ya sa ra'ayina bai tafi gaba ɗaya wurin Baba ba, bai kuma tafi gaba ɗaya wurin ƙaninku ba. Abin da nake ganin ya fi muku shi ne sulhu, amma sulhun wanda ya shirya zuwa kotu. Lauya ya fara da rubuta wa kamfanin da masu inshorarsu wasiƙar neman haƙƙi, da adadin da aka gina a kan hujja, da wa'adin amsa. Kamfanin da ya raina wayar ɗan aike yakan natsu idan ya ga takarda mai hatimi. Idan suka zo teburi, a zauna, ko a ofishin lauya ko a zauren sasanci na babbar kotun Kano, a rubuta yarjejeniya kotu ta amince da ita ta zama kamar hukunci. Idan suka yi kunnen uwar shegu, a shigar da ƙara tun wa'adi da saura. Shigar da ƙara ba ta rufe ƙofar sulhu, da yawa ma sai an kai musu sammaci suke nemansa.

Sulhu yana da abin da kotu ba ta da shi, kuma ya shafi jimlar ƙarshe ta wasiƙarki. Alƙali zai iya cewa a biya kaza, amma ba zai sa mutum ya zo ya durƙusa gaban Hajiya ya ce Allah Ya ba ku haƙuri, sakacinmu ne ba. A teburin sulhu kuna iya sa wannan cikin sharaɗi: babba daga kamfanin ya zo gida da kansa, ba ɗan aike ba. Kuna iya neman su ɗauki nauyin karatun yaran zuwa wani mataki, a rubuce. Sai dai ki fi dogara da abin da za a biya a dunƙule fiye da alƙawarin wata-wata, domin manaja yana canzawa, sabon ya ce bai san zancen ba. Kuma ki shirya wa yiwuwar cewa ba za su furta kalmar da kike jira ba, lauyoyinsu sukan hana. Kada ki ɗaure samun sauƙin zuciyarki a bakinsu.

Shi direban fa? Ban san shi ba, ke ma watakila ba ki taɓa ganin fuskarsa ba. Zai yiwu mai ganganci ne, zai yiwu kuma talaka ne da ya sha faɗa wa masu motar cewa birki na bukatar gyara aka ce ya yi wannan zuwan tukuna. Idan Musulmi ne, azumin wata biyu a jere yana kansa tsakaninsa da Ubangijinsa. A kisan kuskure ma shari'a ba ta ɗora diyya a kansa shi kaɗai ba, danginsa na wajen uba take kira su haɗa, a biya cikin shekara uku. Neman haƙƙi daga masu motar ba ɗaukar fansa ba ne a kansa. Kina iya yafe masa a zuciyarki ranar da kika samu iko, ki kuma ci gaba da neman na yaranki, ɗayan bai hana ɗayan ba.

Saura Baba, wanda shi ne mafi wuya. Ki tuna dattijon nan ɗansa ya binne. Yafewar da ya yi watakila ita ce kaɗai hanyar da ya samu ta riƙe kansa, kuma duk ranar da aka ambaci kotu kamar an sake kawo masa gawar ne. Akwai kuma tsoron a ce gidan Malam wane sun sayar da jinin ɗansu. Don haka kada ki tunkare shi da kanki, ba tarbiyyarmu ba ce, ba kuma za ta ɓulle ba. Ki fara da mahaifinki ko kawunki, su nemi malamin da Baba yake jin maganarsa, limamin unguwarsu ko wanda yake ɗaukar karatu a wurinsa, wanda ya san babin gado. Shi zai je, ba da sunan gyara masa kuskure ba. Ya yaba masa yafiyar da ya yi, ya ce ladansa na nan, sannan ya tuna masa cewa akwai amanar jikoki a wuyansa, kuma ranar da suka girma suna da ikon tambaya. A tabbatar masa ba sai ya taka kotu ba, ba sai ya taɓa kuɗin ba. Dattijon da ya ƙi cin kuɗin jini saboda tsoron Allah, in aka nuna masa cewa dukiyar maraya ce zai sa hannu a salwantar, tsoron nan ne dai zai tsayar da hannunsa. Hajiya ma a tambaye ta a keɓe, tana da sudusinta, shirunta ba yafiya ba ce. Ƙanin naku kuma wani babba ya ja shi gefe ya rage murya a gaban mahaifinsa. Idan aka yi duk wannan Baba bai sauko ba, kina da haƙƙin ci gaba a madadin kanki da yaranki, amma a sanar da shi cikin ladabi kafin ya ji a bakin wani.

Masu cewa kin mayar da mutuwa kasuwa za su faɗa, ba zan ce miki ba za su faɗa ba. A cikinsu babu wanda zai zo da kuɗin haya ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da zai rage maganar shi ne kowa ya ga inda kuɗin suka tafi. Tun kafin a samu ko kwabo, ku zauna a rubuta: za a raba ne bisa gado a gaban alƙali ko malami masani, rabon yara ya shiga asusu da sunansu mai sa hannun mutum biyu, ɗaya daga ɓangarenki ɗaya daga dangin mahaifinsu, ko a saya musu gida ko fili da takarda da sunayensu. Gidaje da yawa sun haɗa kai wajen neman diyya, ranar da ta fito zumunci ya watse. Ku kuma yi hattara da 'yan shiga-tsakani masu cewa sun san wani a kamfani, su kasonsu suke lissafawa daga ɓangare biyu.

Haya da makaranta ba za su jira shari'a ba, saboda haka kada ki bari matsi ya sa ki karɓi abin da bai kai ba. A buɗe shagon, ko wani amintacce ya zauna a ciki a riƙa lissafi duk mako, a bi bashin da maigidanki yake bin mutane, a raba abin da ya bari don ki san abin da ke hannunki. Ki je makarantar yaran ki gaya wa shugaban halin da ake ciki. Idan kamfanin ya ce zai ba da wani abu yanzu don rage raɗaɗi, ana iya karɓa, amma ta hannun lauya, da rubutu cewa kafin alƙalami ne, ba biya na ƙarshe ba. Shinkafa da Naira 300,000 da suka kawo ranar uku ma ki rubuta su da ranar da sunayen waɗanda ke wurin, don kada gobe a ce an riga an biya.

Idan mutumin nan ya sake kira kafin ki ga lauya, ba sai kin yi musu da shi ba. Ki ce masa magada suna shawara, ya bar muku kwafin takardar, ya rubuto tayin nasu a takardar kamfani da sa hannun mai ikon yin haka, za a neme su. Ki rubuta ranar da ya kira da abin da ya faɗa. Kwafin nan da rahoton 'yan sanda su za ki riƙe a hannu ranar da za ki shiga ofishin lauya, kuma ina so hakan ta kasance cikin makon nan ko mai zuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari.